Jitar lantarki da amfilifayar da na saya wa yarona, bayan wata takwas ga abin da na gani

Tun ranar da na saka ɗan bidiyon yaron nan a sitatus yana kaɗa jita mutane suka hana ni sakat da tambaya, wace iri ce, a ina ka samo, ba ta shan wuta, maƙwabta ba sa ƙorafi, har wani abokina cewa yayi in faɗi gaskiya ko ni nake sha'awar abun na fake da yaro. To bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta, duk wanda ya ƙara tambayata wannan zan tura masa.

Yaron shekararsa 10, ɗan fari ne don haka kada ku jira in faɗi suna. Asalin abun daga maigadin layinmu ya samo, wani dattijo mutumin wajen Agadas, yana da wata tsohuwar jita irin ta katako mara wuta da yake ɗan kaɗawa bayan isha'i in ya ɗora shayinsa a kan gawayi. Yaron nan sai ya zama kullum yana gindinsa, in an aike shi sayen maggi sai ya tsaya can a neme shi a rasa. Daga nan ya fara ɗaukar wayar mamansa yana kallon bidiyon bukukuwan Agadas a YouTube, irin wanda ake jona jita da sifika a fili ana rawa ƙura na tashi. Ranar da na san maganar ta wuce wasa ita ce ranar da na dawo na tarar ya samu galan ɗin mai ya fasa, ya soka sanda, ya ɗaura wayar birkin kekensa guda biyu wai ya yi jita, keken kuma ga shi can jingine babu birki. Na yi faɗa sosai ranar amma da dare ina kwance abun yana ba ni dariya. Sai nace masa in ya kai izu biyar a Islamiyya kuma sakamakon boko bai faɗi ba zan saya masa ta gaske. Ni a zatona zai manta. Bai manta ba.

Kafin a zo maganar kuɗi ma sai da aka sha daru da Hajiya. Da ta ji labari kirana tayi tace, "Yanzu kai duk abin duniya ka rasa me za ka saya wa yaro sai kayan kiɗa, maroƙi za ka mayar mini da miji?" Nace Hajiya ki yi haƙuri alƙawari na riga na ɗauka, kuma gara yana tsakar gida ina ganinsa da ya bi yaran layi ban san inda suke zuwa ba. Tace to Allah ya kyauta, ta kashe waya. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, ni ba wa'azi na zo yi ba, wanda ya ga bai dace da gidansa ba sai ya bari.

Kuskuren farko ni na yi shi da hannuna. Na ga wani mai talla a intanet yana sayar da abin da suke cewa komai da komai a kwali ɗaya, jita da amfilifaya, wato akwatin sifikar da ke ƙara mata sauti, da wayar jona su da jaka da maratayi, kuɗin duka bai kai rabin na jita ɗaya mai suna ba. Hoto ya yi kyau, ja ce tana ƙyalli. Na tura kuɗi aka yo mini webil daga Legas na je tasha na ɗauko. Jama'a araha ba ta ado. Farko dai babba ce irin ta manya, da yaron ya rataya sai ta sauko masa har gwiwa, hannunsa na hagu sai ya miƙe shi gaba ɗaya kafin ya kai ƙarshen wuyan, minti biyar yace kafaɗarsa na ciwo. Na biyu tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyan jitar, wallahi sai da na zura biro a tsakani ta shige, kenan kafin yaro ya danne tsirkiya ɗaya ta taɓa ƙarfe sai ya yi kamar zai fasa yatsa. Ƙarafan nan da ke jere a wuyan, wato firet, bakinsu ya fito ta gefe kamar zarto, ya yanke shi a ɗan yatsa tun ranar farko. In ka saita sautin kuma kafin ka sha ruwa ka dawo ya sauka. Amfilifayar kuwa kana jona ta za ka ji tana gurnani kamar tsohuwar firiza, amma abin da ya sa na tattara komai na mayar cikin kwali shi ne ranar da na taɓa tsirkiyar ina tsaye ba takalmi a kan siminti naji ta ɗan ja ni. Kaɗan ne, amma ɗana ne zai riƙe abun nan kullum. Mai tallan tun daga ranar wayarsa ba ta shiga.

Daga baya wani mai gyaran rediyo yayi mini bayani, yace tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin wayar, to in amfilifayar tana yoyon wuta kuma wayarin gidanka babu at, wato ba a binne ƙarfen nan a ƙasa ba, kai ne za ka zama hanyar da wutar za ta bi. Kuma mu faɗi gaskiya gidaje nawa ne a unguwanninmu ramin soket na uku yake aiki? Namu dai ado ne.

Sai na sauke girman kai na je wajen maigadi nace Baba dan Allah ranar Asabar ka raka ni Sabon Gari. A can ne shagunan kayan kiɗa suke saboda coci-coci da masu DJ, yawancin kayan kuma daga kasuwar Alaba ta Legas ake hawo da su. Wannan rakiyar ita ce abu mafi amfani da na yi a duk hidimar nan, kuma ba ta ci mini komai ba sai kuɗin adaidaita da ganyen shayi da sukari da na saya masa. Mun shiga shago uku. Mai shagon da muka tsaya a wajensa mutumin kirki ne, yana jin Hausa sosai, da ya ga yaron bai tsaya cusa mana mai tsada ba, cewa yayi Alhaji bari yaro ya riƙa da kansa mu gani.

Ya sauko da guda uku. Akwai Yamaha Pacifica 012, ita cikakkiya ce ta manya, tsawon tsirkiyarta daga sama zuwa inda aka ɗaure ta a ƙasa inci 25.5, kusan santimita 65 kenan. Baba maigadi ya fi son ta, ya kaɗa ya kaɗa har yaran shago suka taru, amma da aka ba yaron sai muka koma gidan jiya, hannu bai kai ba. Akwai Ibanez Mikro, gajeriya ce inci 22.2, tana da fikof irin mai tagwayen naɗin waya guda biyu, sautinta mai kauri ne irin na masu kiɗan rok. Sai ta ukun Squier Mini Stratocaster, inci 22.75, wato wajen santimita 58. Squier ɗin na kamfanin Fender ne na Amurka, da sunan suke fitar da masu sauƙin kuɗi, siffar Stratocaster ɗin kuma tun 1954 ake yin ta, ita ce dai wadda in aka ce ka zana jitar lantarki za ka zana. Bambancin santimita bakwai a takarda kamar ba komai ba ne, amma a hannun ɗan shekara 10 shi ne komai, don kowane gida a wuyan, wato tsakanin firet da firet, ya matso kusa da ɗan'uwansa, yatsu huɗu suna iya zama a gida huɗu ba sai ya baje hannu kamar mai auna yadi ba.

Fikof da na ambata, su ne 'yan sandunan nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya, maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar waya, in tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansu sai su mayar da girgizar ta zama 'yar wuta ta bi waya zuwa amfilifaya. Shi ya sa ita kanta jitar ba a jona ta da soket kuma ba ta cin batir, wannan amsar masu tambayar ko tana shan wuta ce. Squier ɗin tana da guda uku sirara da makunni mai tsayawa wuri biyar, sautinta siriri ne mai kaifi, kuma irin sa ne yaron yake ji a bidiyon da yake kallo, yana jin an kaɗa ya kalle ni yace Abba wannan ce. Shikenan magana ta ƙare.

Amma Baba maigadi bai bari na biya nan take ba, kuma yadda ya duba ta ya kamata duk mai zuwa saye ya kwaikwaya. Ya ɗaga ta ya sa ido ɗaya ta kan wuyan kamar kafinta na duba katako ko ya karkace. Ya bi gefen wuyan da tafin hannu sama da ƙasa yaji ko ƙarfe zai kama shi. Ya danna kowace tsirkiya a kowane gida, shida sau ashirin, yana sauraren inda za ta yi zizar ƙudan zuma ko ta mutu. Ya duba tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12 yace kada ya wuce kaurin kwabo, masu gyara suna cewa wajen milimita 2. Ya murɗa kowane maɓalli, ya girgiza wayar a bakin ramin da ake soka ta yaji ko za ta yi ƙara. Ta farkon da aka ɗauko bai ce tana da aibu ba, sai dai yasa an buɗe wani kwalin ya gwada biyun ya zaɓi wadda ta fi kwanta masa a hannu, yace ko 'yan tagwaye halinsu ba ɗaya ba. Sannan mai shagon ya nuna mini lambar da ke bayan kan jitar, yace kasuwa cike take da masu ɗauke da manyan sunaye a goshi alhali jabu ne, in ka ga an rubuta Fender ana sayar maka da ita kuɗin buhun shinkafa ka san da walakin.

Yanzu amfilifaya, nan ne nake ganin yawancin iyaye za su yi kuskure don mu Hausawa muna son abu mai girma, a ce wat nawa ce. Ni ma da na shiga idona na kan wata ƙatuwa ta hannu, tokumbo, ga arha. Mai shagon ya juya bayanta ya nuna mini an rubuta 120V, yace wannan ta Amurka ce, wutarmu nan 230 ce, ka soka ta kai tsaye hayaƙi za ka gani, sai da taransifoma mai sauke wuta, kuma ranar da yaro ya manta ya jona ba ita shikenan. Ya nuna mini wasu guda uku a ƙarƙashin tebur da aka kawo gyara duk ciwonsu ɗaya. Don haka duk abin da za ku saya na hannu ku juya bayansa ku karanta tukuna.

A cikin sababbi ya nuna mana Fender Frontman 10G mai wat 10 da sifika inci 6, tana da kyau kuma ta fi cika ɗaki, amma sai da wuta. Sai Boss Katana Mini mai wat 7 da Blackstar Fly 3 mai wat 3, su biyun suna aiki da batir guda shida irin na rimot ɗin nan AA. Ni da na riga na ji jan wuta a hannuna, kuma na san yadda wutar unguwarmu take, a kawo ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba, ban yi dogon tunani ba. Mai batir ba ta haɗe da soket balle ta ja yaro, ba ruwanta da wuta ta yi sama ta yi ƙasa, ba ruwanta da janareta. Na ɗauki Fly 3 don ta fi sauƙin kuɗi a ranar, kamfanin Ingila ne.

Da ka gan ta za ka raina, ba ta kai bulo ɗin sabulun wanki uku ba, sifikarta inci 3 ce, nauyinta bai cika kilo ɗaya ba. Amma a cikin ɗaki wallahi ta isa har ta yi yawa, ba mu taɓa kai maɓallin ƙara ƙarshe ba. Tana da wani ɗan maɓalli da in ka danna sautin yake yin ƙazanta irin mai gurnani, yaron yana so ni ba na so. Abin da ya fi burge ni shi ne amsa-kuwwar da ke cikinta, dile suke ce mata, ka kaɗa sau ɗaya ta maimaita maka kamar kana cikin kogo, in Baba maigadi ya ɗan buɗe ta kaɗan ya kama irin kiɗansu sai ka rantse a bayan Agadas kake. Akwai ramin da ake jona wayar hannu yaro ya saka kiɗa yana bi, akwai kuma ramin hedifon, wanda shi ne ya ceci zumuncina da maƙwabta da kuma aurena, don da an soka shi sifikar take yin shiru. Ku sani dai adaftar da ake jona ta da soket daban ake sayar da ita ba ta cikin kwalin, ni ban ma saya ba da gangan. Kuma kada wani ya saye ta yana tunanin za a yi biki da ita, ganga ɗaya ta shigo ba za a ƙara jin ta ba, ta koyo ce a ɗaki.

To bayan wata takwas me na gani? Sati biyun farko ya sha wuya, kan yatsunsa suka yi ja har yana hura musu iska, na zaci zai ajiye. Baba yace a bar shi minti goma sha biyar kawai a rana har kanta ta fito, kuma haka aka yi, yanzu ko a jikinsa. Nan ma na gane wani abu, mutane da yawa sun ce mini ai da ta katako ake farawa, in ya iya sai a sayi mai wuta. Ni abin da na gani akasin haka ne, tsirkiyar ta lantarki ta fi siranta ta fi laushi, wuyan ya fi siriri, yaron da ba ya iya danne ta Baba da kyau yana danne tasa ba wahala.

Wani abu da ya shafi duk gajeriyar jita ko ta wane kamfani ce, tunda tsirkiyar gajeriya ce ba a ɗaure ta da ƙarfi kafin ta kai sautin da ake so, sai ta zama sako-sako, yaro in ya danna da ƙarfi sautin ya ɗan haura. Maganinsa a saka tsirkiya mai ɗan kauri, mu mun koma saiti mai lamba 10 zuwa 46 maimakon mai 9 zuwa 42, aka kai wa mai gyara ya sake daidaita ta, tun daga nan ta zauna daram. Wani abin da na so a ita wannan ɗin shi ne ba ta da sandar nan da ake lanƙwasawa sauti ya yi rawa, gindin tsirkiyar a kafe yake. Waccan ta kwalin tana da ita, kuma yaro in ya ga sanda sai ya ja, yana ja saiti ya watse.

Hunturu ma ya gwada mu. Da iskar nan ta busa a watan Janairu katakon wuyan ya ɗan tsuke don bushewa sai bakin ƙarafan suka fara ɗan taɓa hannu, wannan halin katako ne, ƙofar ɗakina ma haka take yi. Mai gyara ya goge su da 'yar zarto cikin minti ashirin yace in daina barinta jingine jikin taga, a mayar da ita jaka duk in an gama, kuma kada a bar ta cikin mota da rana. Ƙura kuma tana shiga maɓallan ta sa su ƙarar yashi, tsumma busasshe bayan kowane kiɗi ya wadatar, yana kuma hana gumin hannu sa tsirkiya tsatsa.

Ƙananan abubuwan da ba wanda zai gaya maka sai ka dawo gida: ka sayi 'yar na'urar saita sauti da ake maƙalawa a kan jitar, ƙaramin batir mai faɗi take ci irin na makullin mota, CR2032, in babu ita yaro zai yi ta koyo a kan karkataccen sauti kunnensa ya saba da shi. Ka sayi wayar jona jita da amfilifaya mai kyau guda ɗaya, ta arha sati uku take yi. Ka sayi robar kaɗawa kamar goma don ɓacewa suke kamar hular biro, duk da shi yanzu ya fi son kaɗawa da yatsa irin na malaminsa. Saitin tsirkiya na ajiya guda ɗaya, ta ƙasan nan mafi siranta ita ke fara tsinkewa. In yaronka bahago ne ka faɗa tun a shago, akwai tasu daban.

Wa zan ce ya saya? In yaronka tsakanin shekara 7 ne zuwa 11, ko mai ƙaramin jiki ne, wannan haɗin ban yi nadamarsa ba ko kaɗan, in da maki ake bayarwa jitar takwas cikin goma, amfilifayar tara. In ya kai 13 ko ya yi tsawo kada ka ɓata kuɗi a gajeriya, ka wuce kan Pacifica ɗin nan kai tsaye za ta kai shi har girma. Nawa ma na san nan da shekara biyu ko uku zai fi ƙarfinta, amma ƙanwarsa tuni ta fara zagaye tana cewa in Yaya ya gama ita ce da ita. Farashi ban saka ba da gangan don abin da na biya wata takwas da suka wuce ba shi za a gaya maka yau ba, kayan duk da dala ake shigo da su, ka dai zaga shago biyu uku ka yi ciniki. Ni dai na biya sau biyu, don ta kwalin nan da ƙyar mai shagon ya karɓe ta a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta, yace zai cire kayan gyara a jiki.

Dokar gidan ita ce ba a taɓa jitar sai an dawo Islamiyya an yi aikin gida, ana kiran sallah a ajiye, bayan ƙarfe tara sai da hedifon. Hajiya ta zo mana kwana uku da ƙaramar sallah, ban ce komai ba shi ma na hana shi fito da ita, sai a rana ta biyu naji ta daga ɗaki tana cewa, "Kai mai gidan, ina abin kiɗan naka da ake ta faɗa, ɗauko in gani." Ya kaɗa mata wajen minti biyar tana ta kallon yatsunsa, da ya gama tace to ai ba laifi, amma ka rage wannan gurnanin.

Matsalar da ban samu maganinta ba har yau ita ce batir. Na sayi masu caji guda shida da cajarsu, amma in suka mutu ba wuta sai kawai in ɗauki rimot in ji shi fayau ba nauyi, jiya kuma agogon bangon falo na tarar ya tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma.